Ɗan Uwa, Yaushe Rabonka da Awon Jini?

'Yan uwana matasa, ku yi min haƙuri, yau zan sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Da yawanmu mun ɗauka hawan jini da ciwon suga da kitsen cikin jini cututtukan tsofaffi ne. Sai ka ji saurayi ɗan shekara 28 yana bugun ƙirji wai shi lafiyarsa ƙalau, alhali bai taɓa miƙa damtse an ɗaura masa abin awo ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne teɓar nan da muke shafawa muna dariya, wai hutu ne ya zauna. Kitsen da ke naɗe kayan ciki yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke tura suga daga jini zuwa tsoka. Sai suga ya yi ta yawo a jini, hanta ta ƙara zubo kitse, zuciya ta ƙara wahalar turawa. Ka ga ciwo uku daga tushe ɗaya. Mu kuma muna zaune daga safe har dare, waya a hannun dama, lemon gwangwani a hagu. Gwangwani ɗaya yakan ƙunshi suga kusan ƙaramin cokali 9, wanda in a kofi aka zuba maka shi kana kallo, wallahi ba za ka sha ba. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, tana rage duka ukun.

Gishiri kuma ruwa yake riƙewa a jiki, jini ya yi yawa, ya takura jijiyoyi. Ma'aunin da aka ba mu bai kai giram 5 a rana ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan bai cika ba, har da wanda aka ɓoye a abincin leda da na gwangwani.

Siriri ma kada ya saki baki. Mafi yawan kolestarol, wato kitsen cikin jinin nan, hanta ce ke haɗa shi, kuma ana gadonsa. Idan mahaifi ko mahaifiya sun yi fama da ɗaya daga cikin ukun nan, naka awon ya fi na kowa gaggawa. Sigari da shisha, kwanan zaune a kan waya da yawan damuwa, duk ƙara wa wutar fetur suke yi.

Ranar da za ka je awo, kada ka sha kofi ko sigari rabin awa kafin nan, ka zauna minti 5 numfashi ya daidaita. Idan jini ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban, ko sugan safe kafin karin kumallo ya kai 126 mg/dL, wannan maganar likita ce, ba ta abokin da ya ce shi ma an taɓa ba shi wata ƙwaya ba.