Babbar Rigata da Makaɗin Porto Riko

Duk wanda ya zauna a Bronx ta birnin New York ya san da zarar Satumba ta raba tsakiya, unguwa sai ta canza kama. Tuta a taga, tuta a jikin mota, har kare na taɓa gani an ɗaura masa tutar Porto Riko a wuya yana tafe yana taƙama. Daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba, wata ne da gwamnatin Amurka ta ware wa mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashe masu jin Sifaniyanci. Mako guda aka fara ba su a 1968, zamanin Shugaba Johnson, sai Reagan ya mayar da shi wata cur a 1988. An fara daga tsakiyar wata ne saboda ranar 15 ga Satumba ƙasashe biyar na tsakiyar nahiyar suke bikin samun 'yancinsu na 1821, washegari kuma Mekziko ta yi nata. A ganina ko watan bai ishe su ba, don a layinmu tun faretin 'yan Porto Riko na watan Yuni ake kunna sifika, ba a kashewa sai sanyi ya kore su. Fiye da rabin mutanen Bronx masu asali daga ƙasashen nan masu jin Sifaniyanci ne. Mu kuwa, Hausawan Gana da na Nijar da mu 'yan Najeriya, muna raɓe a tsakaninsu muna neman abin sawa a bakin salati.

Ni tasi nake tuƙawa, ba ruwana da kiɗa. Ummi ce ta ja ni. 'Yata ce, shekararta tara, sunan mahaifiyata ta ci, kuma ta san da haka sarai. Uwargida ta sa ta a wata cibiyar al'adu ta unguwa don a riƙa taya ta aikin gida bayan an tashi daga makaranta, ashe a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasu ganga ake koyarwa. Kafin mu ankara yarinya ta fara buga mana tukwane da muciya. Cibiyar ta tsara shirin wata guda, wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa, ranar rufewa kuma yara za su yi nasu. Mai kula da gininmu, wani dattijo ɗan Porto Riko da kowa ke kira Supa, yana cikin masu aikin sa-kai a wurin. Shi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da tikitin dukan shirin, kyauta. Mutumin da makullin ɗumama gida yake hannunsa, ga sanyi yana tafe, ba a ce masa a'a.

Da wasan kwaikwayo aka buɗe. Labarin wani iyali ne da suka baro tsibirin Porto Riko suka sauka a Bronx shekaru da yawa da suka wuce. Da Sifaniyanci ake yi, fassarar Turanci tana fitowa a wani allo can sama. Matsalar ita ce, kafin in ɗaga kai in karanta, in juya maganar zuwa Hausa a raina, in gane inda abin dariyar yake, jama'a sun daɗe da gamawa. Sai in saki tawa ni kaɗai, daga baya. An yi haƙuri da ni har zuwa inda mijin ya faɗi wata magana a kan surukarsa. Maganar ta yi, wallahi. Amma lokacin da ta iso gare ni har an kawo wa matar wasiƙar rasuwar uwar, ta durƙusa tana kuka, ɗaki ya yi tsit, ni kuma na tuntsire har da buga cinya. Uwargida ta matsa kujera ɗaya gaba, ta bar fili a tsakaninmu.

Daren kiɗan salsa ban sha wahala ba, don zama na yi tsakanin Supa da wanzamin layinmu, ɗan Jamhuriyar Dominika, suka yi ta gardama ta saman kaina. Supa ya ce a nan New York aka haifi salsa, a titunan Bronx da Harlem, kamfanin faifan waƙa na Fania da aka kafa a 1964 ya yi mata suna, har suka cika filin wasa na Yankee a 1973. Wanzami ya ce to wa ya kafa Fania ɗin in ba Johnny Pacheco ba, kuma ɗan ina ne? Wani tsoho ɗan Kyuba da ke bayanmu ya leƙo ya ce su duka biyun ɓarayi ne, kiɗan ƙasarsu aka sake wa riga. Da suka ce makaɗan Fania sun je Kinshasa a 1974 gabanin damben Muhammad Ali da Foreman, sai na samu bakin magana, na ce Ali dai namu ne. Duk suka amince da wannan, suka koma faɗansu.

Sai abinci. An jera tebura a baranda, na hango wani abu a dunƙule, an daka shi a turmin katako, yana ƙamshin tafarnuwa. Mofongo sunansa, ɗanyen agada ne ake soyawa a kirɓa. Na ce yau Allah ya kashe ya ba ni. Na kai cokali ke nan Supa ya taho a guje ya fizge farantin, ashe da soyayyar fatar alade ake kirɓa shi. Allah ya saka wa Supa. Na ƙare da soyayyen agada zalla da ruwan roba, bayan na yi wa mai sayarwar tambayoyi a kan man suyar har ta ɗauko galan ɗin ta nuna mini.

Ranar rufewa Asabar ce, kuma ta zo daidai da sunan ɗan wani abokina ɗan Maraɗi. Daga wurin suna muka wuce kai tsaye, ina sanye da babbar rigata ta shadda, fara sol, ta sha sitaci tana ƙara, da hula zanna. Wurin ajiye mota kuwa babu. Na zagaya, na zagaya, Ummi tana kuka za ta makara, daga ƙarshe na tsaya kusa da famfon 'yan kwana-kwana. Doka ta ce a ba shi ƙafa 15. Na auna da ido na ga in aka yi mini adalci za a samu goma sha ɗaya.

Bomba ake yi ranar, kuma a hanya Supa ya sha ba ni tarihinta. Kiɗa ne na bayin da aka kwaso daga Afirka aka kai gonakin rake na Porto Riko, inda ba a soke bauta ba sai 1873. Garin Loíza ya yi suna da shi har yau. Gangunan da gangar katako ta giyar rake ake yin su, a rufa da fatar akuya. Akwai masu riƙe kiɗan ƙasa, akwai mai kaɗa sanduna biyu, akwai mai waƙa da caki a hannu, jama'a suna amshi. Duk wannan ya faɗa mini. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, ko ya faɗa ina lissafin kuɗin mai: a bomba ba mai rawa ke bin kiɗa ba. Babban makaɗi, wanda suke kira primo, shi ke bin mai rawa. Ka motsa kafaɗa ya buga, ka girgiza siket ya buga, ka tsaya ya tsaya. Kuma mai son shiga fili, abin da zai fara yi shi ne ya je gaban primo ya rusuna ya gaishe shi.

Ba dandamali aka yi ba, da'ira aka yi a tsakar ɗaki, makaɗa a gefe guda. Yara suka yi nasu, Ummi ta shiga da ɗankwalinta da dogon siket ta juya, na ji hawaye na neman zubo mini na ce sanyin na'ura ne. Manya suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka uwargida, wadda ta leƙa waje amsa waya, ta dawo ta raɗa mini: "Baban Ummi, ga mai rubuta tikiti can ya shigo layin."

Tarar dala 115 ke nan. Na miƙe zumbur. Ƙofa tana can ƙetaren da'ira, bayana an cika maƙil, hanya ɗaya ce, ta gaban makaɗa. Filin kuma ya zama babu kowa a daidai lokacin, wata mata ta fita ke nan. Ni kuwa ɗan Katsina ne, an yi mini tarbiyya. Ba na ratsa gaban dattawa suna zaune ina tsaye ƙiƙam. Da na zo daidai primo, wani mai furfura da hannuwa kamar faranti, sai na rage tsawo, na sauke hannun dama ƙasa, na ɗan sunkuyar da kai.

Ya sunkuyar da nasa. Ɗaki ya ɗauki ihu.

Na ɗauka wani babban mutum ne ya shigo, na waiga. Ganga ta ce tam! Na juyo, ta ce tam! Sunkuyon da na yi ya sa hannun riga ya zamo, sai na yi abin da kowane mai babbar riga ke yi ba tare da tunani ba, na ɗebo shi na watsa a kafaɗar dama. Tarararam-tam! Na hagu ya zamo, na watsa shi. Tarararam-tam! Mata suka fara tsalle. Su da suke shan wahalar koyon kaɗa siket, ga wani ya zo da yadi goma na shadda yana kaɗawa da hannu ɗaya, fuskarsa a murtuke.

A nan na fara zargin da ni ake. Na ɗaga tafin hannu biyu ina girgizawa, alamar a'a, ba rawa na zo ba. Mutumin ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kakakakaka. Na nuna ƙofa, tam. Na nuna ƙirjina, tam. Na yi alamar sitiyari don ya gane mota ce matsalar, ya mayar da ita wani kiɗa mai juyi har mai waƙa ta saki sabon baiti. Na taka zan wuce, jama'ar bakin ƙofa suka haɗe kafaɗa suna tafi, don a wurinsu yanzu wasa ya fara daɗi. Hula ta karkace na gyara, tam-tam. Gumi ya zubo na share, shi ma bai bar shi ba, ya goga tafinsa a fatar ganga ta yi wani irin gurnani.

Na tsaya cak. Shi ma ya ɗaga hannu sama ya tsaya, idonsa cikin nawa. Masu kiɗan ƙasa suna ta yi, mu biyu muna kallon-kallo. Na ce a raina in ban motsa ba ai dole ya gaji. Sai hancina ya fara ƙaiƙayi.

To, a gida in mai kalangu ya sa ka gaba a wurin biki, ba ya rabuwa da kai sai ka sallame shi. Na ce makaɗi dai makaɗi ne ko a ina. Na zura hannu a aljihun gaba, ya bi hannun da kiɗa har ƙasan aljihu. Na zaro abin da ya samu, ina fatan dala ɗaya ce, sai ga ashirin. Mayarwa kuma a gaban jama'a ba mutunci. Na taka har gabansa, kowane taku da nasa bugun, na manna masa ita a goshi. Ta zauna daram saboda gumi.

Mutumin bai taɓa ganin liƙi ba, ina ji. Ya turo ido sama yana kallon takardar, amma hannunsa bai tsaya ba. Wanzami ya fito daga cikin taro yana ihu ya manna tasa, wasu suka biyo baya. Ni dai har yanzu ina cikin fili, an ƙi buɗe mini hanya.

Muryar Ummi ce ta ratso hayaniyar, da Hausa tsantsa: "Baba! Ka sake rusuna masa! Sai ka gaishe shi za ka fita!"

Na rusuna, wannan karon har gwiwa ta kusa taɓa ƙasa. Ya buga ta ƙarshe, da'ira ta buɗe, na fita da gudu riga tana tashi. Tikitin yana maƙale a gilashi, mai rubutawar har ya kai ƙarshen layi.

Na so maganar ta mutu a nan, amma kowa a ɗakin nan da waya a hannunsa. Kafin Litinin bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na direbobi, aka sa mini suna Sarkin Rawan Bronx. Ranar Juma'a bayan an idar, liman ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, Malam, tsautsayi ne. Ya ce shi ma haka ya gaya wa mutane, amma watsa hannun rigar nan na biyu bai yi kama da tsautsayi ba. Malamar rawar ta aiko Ummi ta tambaye ni ko zan zo in nuna wa ajin manya yadda ake yi. Supa kuwa ya dage sai na sa an ɗinko masa irin rigar, har ya kawo awonsa a bayan takardar kuɗin wuta.

Daga Katsina kiran ya zo da asuba. Hajiya ce da kanta, jikokinta sun nuna mata. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, don haka ba ta ɓata lokaci ba.

"Kai, tasin da kake cewa kana tuƙawa ke nan?"

Na fara bayani, famfon kwana-kwana, dattijo, tarbiyya. Ta saurara har na gama. Ta ce rawar ba ta dame ta ba, ubana ma ya taka a zamaninsa. Ta sa an tsayar mata da hoton an ƙara girmansa, an kuma kira yaron maƙwabta mai canji ya duba.

"Dala ashirin ka liƙa wa makaɗi," in ji ta. "Ni kuwa wancan watan ka ce mini kasuwa babu."