Kafin a ce batirin 48V ya mutu, don Allah a fara auna ƙaramin

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana ci min rai, yau dai sai na faɗe ta. Satin da ya wuce wani Alhaji ya kawo min Mercedes C200 ƙirar 2019, 'yar Kwatano, ko wata biyu ba ta yi a hannunsa ba. Rubutu ya fito a dashbod kan batirin 48V, wani lokacin ta tashi wani lokacin ta ƙi. Ya kai ta wani gareji, ko sikana, na'urar da ke karanta matsala a kwamfutar mota, ba su jona ba suka ce batirin hybrid ne ya mutu, ya kawo kuɗi a yi odar wani daga Legas. Kuɗin da suka faɗa masa sai da ya zauna a kan benci. Na ɗauko mita na ɗora a kan ƙaramin batir ɗin 12V, wanda kowace mota take da shi, mota a kashe ya nuna 11.7. Na ce Alhaji ka yi haƙuri, ga inda za mu fara. Batir mai lafiya da ya ƙoshi da caji wajen 12.6 yake nunawa. Muka sa sabon ƙaramin batir nau'in AGM irin nata, muka yi masa rajista a kwamfuta, muka goge kod, wato lambar matsalar da kwamfutar ta ajiye, aka zaga da ita har Zariya Road aka dawo, rubutun bai sake fitowa ba.

Ba ina cewa kullum haka abin yake da sauƙi ba. Amma wallahi a motocin nan da ake kira mild hybrid, yanke hukunci kafin bincike shi ne yake cinye dukiyar mutane.

Da farko ma da yawanmu ba mu bambance su da Prius ba. Prius cikakkiyar hybrid ce, batirinta ya haura volt 200, wayoyinta masu launin lemo, tana iya tafiya da lantarki zalla. Ita mild hybrid injin mai ne yake jan ta, lantarkin ɗan taimako kawai yake yi: ya tayar da inji cikin sauri idan ya mutu a danja ko a gosulo, ya ɗan ƙara ƙarfi lokacin da ka taka totur, sannan idan ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki ya tara wuta ya mayar cikin batir. Yawancinsu 48V ne, kamar Mercedes masu EQ Boost da Audi A8 ta 2017 zuwa sama da Hyundai Tucson, an tsaya a 48 ne saboda ƙasa da volt 60 ba a lissafa shi cikin babbar wuta mai haɗari ga taɓawa. Mazda 24V take amfani da shi a Mazda3, ƙananan Suzuki irin Swift kuma 12V ne, ɗan batirin lithium a ƙarƙashin kujerar gaba.

To ga abin da nake so 'yan uwana masu rewaya su riƙe. A masu 48V babu altaneta irin wadda muka saba. Na'ura ɗaya ce take aikin kik da janareta, tana cajin babban batir, wato na 48V, daga nan wani akwati da ake kira DC-DC ya sauko da wutar zuwa wajen volt 14 ya ciyar da ƙaramin batir da fitilu da komai. Shi kuma ƙaramin batir shi ne yake tayar da kwamfutocin motar har rile, wato makunnin da ke cikin babban batir, ya haɗa wuta ta fito. Kun ga kenan idan ƙaramin ya yi sanyi, babban ko lafiyarsa ƙalau ba zai amsa ba, kuma shi za a ɗora wa laifi. Haka idan DC-DC ɗin ne ya lalace, ƙaramin batir zai dinga mutuwa, mai mota ya saya ya sake saya yana zagin masu sayar da batir, alhali ba a cajinsa ne. Mota na kunne ka auna, in ba ka ga wuta ta tashi sama da yadda take a kashe ba, ka san inda za ka nufa.

Sai bel. A waɗanda na'urar take aiki da bel, bel ɗin yana shan wahala ta ɓangare biyu, inji ya ja shi, na'ura ma ta ja inji da shi, in ya saki ko tenshina ta gaji sai caji ya ragu kod ya fito. Kan batir mai tsatsa, wayar eth da ta yi lako-lako, fiyus, duk a duba su, aikin minti ashirin ne.

Babban batir ɗin fa yana mutuwa, ban musa ba, kuma dalilin da na fi gani a wajenmu shi ne dogon zama. Mota ta yi makonni a jirgin ruwa, ta yi watanni a tashar ruwa, ta zo ta sake zama a wajen dila babu mai tayar da ita, lithium ya zube ƙasa da inda ya kamata, kwamfutar da ke cikinsa ta kulle shi don kada ya kama da wuta idan an masa caji. Wani ana iya farfaɗo da shi da na'urar da ta dace, wani kam ya tafi. Cikinsa sel ne, wato ƙananan batura, guda 12 zuwa 14 a jere, sikana mai kyau za ta nuna maka wutar kowanne da zafinsa, in ɗaya ya yi ƙasa sosai da 'yan uwansa to lallai matsalar tana ciki. Ƙaramar sikanar nan ta waya da ke karanta inji kawai ba ta shiga wajen. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 wanda lithium ba ya so, ga ƙurar hunturu tana toshe fankar masu sanyaya da iska, ga masu wankin mota da ke sakin ruwa a ƙarƙashin kujera ko cikin but inda batir yake zaune.

Akwai ɗabi'a ɗaya da nake roƙo a daina, cire kan batir mota na kunne wai a ga ko tana caji. A tsohuwar 504 an yi ta an wuce, a wannan kwamfuta za ka ƙona. Kuma kada 48V ya yaudare ka don ba ya jan mutum kamar na Prius, sifana ta haɗa kan biyu narkewa za ta yi a hannunka, lithium in ya kama ba ya kashuwa da wuri. Kar a jona janfa a jikinsa, akwai wurin da aka ware na 12V.

Masu mota ku ma da naku. In za ka saya, je da mai sikana ya buɗe ɓangaren 48V kafin ka biya. In za ka yi doguwar tafiya ka bar wa wani ya dinga hawa da ita titi, ba ya kunna ta a tsakar gida na minti biyu ba. In kuma aka ce maka batir ya mutu, ka ce malam nuna min lambar kod ɗin, nuna min awon ƙaramin batir, nuna min sel ɗin da ya faɗi a allo. Alhajin nan tsohon batirinsa yana nan a gefen shagona, na rubuta 11.7 a jikinsa da alli, yarana suna ganinsa kullum da safe.