Kundi ɗaya ne a cikin ƙwayoyin jikinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani ne?" Na daɗe ina wuce wannan aya a tilawa ba tare da na tsaya a kanta ba, sai da na karanta yadda ake gina jikin ɗan Adam tun daga ƙwaya guda, sannan nauyin tambayar ya sauko mini.

Kowane ɗayanmu ya faro ne daga ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ba ta kai girman ɗigon alƙalami ba, lokacin da ruwan uba ya haɗu da ƙwan uwa. A cibiyar wannan ƙwaya akwai wani dogon zare da masana suke kira DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46, guda 23 daga uwa, guda 23 daga uba. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, amma abin da mutum ya gada daga kowane ɓangare na iyayensa ya kai haruffa kusan biliyan 3, kuma da za a warware zaren ƙwaya guda a miƙe shi, zai kai tsawon mita 2. A shekarar 1953 ne James Watson da Francis Crick, tare da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan, suka bayyana siffarsa ta igiya biyu da aka murɗe, sannan sai a 2003 aka sanar da kammala babban aikin karanta shi.

Ƙwayar nan ta farko takan rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kuma kafin kowace rabuwa sai an kwafe kundin nan na DNA gaba ɗaya an ba kowace sabuwar ƙwaya nata. Haka ake tafiya har baligi ya mallaki ƙwayoyi sama da tiriliyan 30, iri-iri fiye da 200. To, ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Ƙwayar da take cikin ƙwaƙwalwarka, wadda da ita kake haddace Fatiha, da ƙwayar da take gina fatar dunduniyarka, wadda take yin faso da hunturu har ka nemi man shafawa, kundi ɗaya suke ɗauke da shi. Ba a ba ƙwaƙwalwa littafi na musamman an hana ƙafa ba. Bambancin yana wajen shafukan da aka buɗe wa kowacce.

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini zai fahimci wannan cikin sauƙi. Taswirar gida ɗaya ce, amma birkila yana duba inda katanga za ta bi, kafinta yana duba rufi, mai aikin wuta yana bin layin waya. A cikin kundin jiki akwai sassan umarni kusan 20,000 na haɗa furotin, wato sinadaran da suke gina jiki suna tafiyar da ayyukansa, kuma babu ƙwayar da take aiki da su duka. Akwai wasu sinadarai da suke hawa kan zaren su buɗe wani sashe, wasu kuma su ɗaure wani sashe tamau su sa masa alamar rufewa, kuma alamar tana bin ƙwayar har zuwa 'ya'yanta, shi ya sa ƙwayar hanta take haifar ƙwayar hanta. Abin da yake tantance wane shafi za a buɗe shi ne wurin da ƙwayar ta sami kanta da kuma saƙon da maƙwabtanta suke aiko mata. A mako na uku bayan shigar ciki, ɗan tayin yakan kasu shimfiɗa uku: ta ciki ta zama hanta da huhu da rufin hanji, ta tsakiya ta zama ƙashi da tsoka da jini da zuciya, ta waje kuwa daga gare ta ne fata da ƙwaƙwalwa suke fitowa, su biyun tare. Kafin wata guda ya cika zuciya ta fara bugawa, alhali sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Allah ya faɗi gaskiya a Suratu Abasa: "Daga ɗigon maniyyi ya halicce shi, sannan ya ƙaddara shi."

An jarraba wannan magana an gani. A 1962 John Gurdon a Ingila ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, ya saka ta cikin ƙwan kwaɗo da aka kawar da tasa cibiyar, sai ga sabon ɗan kwaɗo yana iyo, wato ƙwayar hanji tana riƙe da bayanin ido da na zuciya duk da ba ta aiki da su. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayoyin fatar ɓera zuwa irin halinsu na farko ta hanyar kunna sassa huɗu kawai, kuma su biyun aka ba kyautar Nobel a 2012. Ba na cewa ayoyin Alƙur'ani sun sauka don su koyar da wannan fanni, kuma ba na son mu riƙa tanƙwara aya don ta dace da kowane bincike. Aya ta umarce mu da dubawa, ga shi an duba.

Nasihar da nake yi wa kaina da ku ta shafi alfahari da asali. Har yau akwai gidajen da za su ga yaro mai addini, mai sana'a, mai ladabi, amma da an ce kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko maƙeri, sai magana ta mutu, a ce jininmu ba ɗaya ba ne. Wane jini? Mutum biyu daga ko'ina a duniya, idan aka jera haruffansu, kusan kashi 99.9 cikin ɗari iri ɗaya ne. Kuma ko a jikinka, ƙwayar da take share ƙazanta a ƙoda ba ta gaza ta ido daraja ba, wanda ƙodarsa ta tsaya yake bin layin wankin ƙoda ya fi kowa sanin haka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa alfahari da dangantaka da sukar nasabar mutane cikin al'amuran jahiliyya, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hind su kuma nemi aure a wajensa, alhali Abu Hind sana'arsa ƙaho. Annabi Dawud da ƙarfe ya yi aiki, Annabi Zakariyya kafinta ne.

Abin da yake ci mini rai shi ne, muna tona sana'ar kakanni har hawa uku, amma binciken jinin da yake da tasiri na gaskiya a kan 'ya'ya sai mu yi masa riƙon sakainar kashi. Ciwon sikila yana samuwa ne daga canjin harafi ɗaya a sashen da yake haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Idan yaro ya gaji wannan canji daga uwa da uba, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon su rayu kwana 120 sai su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Na taɓa kwana a asibiti kusa da gadon wani yaro da ciwon ya tasar wa, yana kuka yana cewa ƙashinsa ake sara, mahaifiyarsa tana danna masa ƙafa da tsumma mai ɗumi har asuba, tana ta salati ba ta runtsa ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo.

Idan namiji AS, wato wanda ya gaji wannan canji daga ɗaya cikin iyayensa kawai, ya auri mace AS, kowane ciki da aka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, samun lafiyayyen ɗan fari ba ya kare na biyu. Yin gwaji ba ya karo da tawakkali, domin Wanda ya ƙaddara shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi. Iyaye da waliyyai, ku sa a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da zukata ba su gama shaƙuwa ba kuma janyewa ba ta zama abin kunya ba, a asibitin da aka yarda da ingancinsa, kuma idan sakamako ya zo da shakka a sake shi a wani wuri kafin a sa rana.