Telolinmu, ku waiwayi tsofaffi masu gigin tsufa

Jama'a, akwai maganar da muke jin nauyin yi a fili, alhali gidaje da yawa suna fama da ita a ɓoye. Idan gigin tsufa ya kama Baba ko Inna har fitsari da bayan gida suka fara kufce musu, me muke sa musu a jiki?

Abin da aka saba gani shi ne a tuɓe wa dattijo wando, a ɗaura masa tsohon zani, a shimfiɗa leda a kan katifa, a ja ƙofa. Mutumin da ya yi shekara hamsin ba ya fita zaure sai da babbar riga da hula, yau baƙi na sallama ana cewa barci yake. Ba na zargin masu jinya. Galibi 'ya ce ko suruka, ga yara, ga girki, ga wankin da ba ya ƙarewa, ga tsadar pampas ɗin manya. Amma rabin wannan wahala daga ɗinkin kayan take, kuma tela zai iya rage ta.

Ku lura da dattijo a bakin bayi. Ya ji fitsarin, ya tashi, ya ma gane hanya. Ya tattare riga da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben zariya. Yatsu na rawa, ƙullin ya zarge, ya manta ta ina ake ja. Kafin ya kwance, aikin gama ya gama. Mafitsararsa lafiya lau take, zariya ce ta ci amanarsa. Da wandon mai roba ne a ƙugu, mai faɗin da zai rufe pampas ba tare da ya turo ba, da ya fito da mutuncinsa. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara duba wasu dalilai kafin a yanke hukunci cewa gigin ne kawai: ciwon sanyin mafitsara, taurin bayan gida, kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate), ciwon suga, har da wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Da dama daga cikin waɗannan suna gyaruwa. Kuma don Allah a daina hana tsoho ruwan sha wai don a rage wanki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da larurar gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. A Amurka da Kanada kamfanoni irin su Buck & Buck da Silverts sana'arsu ke nan: riga mai buɗewa ta baya, wando mai zif ta gefe wanda za a sauya wa mutum yana kwance, maɗauri mai mannewa (Velcro) ko maganaɗisu a madadin maɓalli. Mu da muke da Kantin Kwari da tela a kowane lungu, me muke jira? Kaftani ne, a tsaga bayansa a ninka gefe kan gefe, daga gaba ba mai ganewa. Ga Inna, siket mai roba daga atamfarta, a yi shi kamar ɗaurin zani, da riga mai faɗin wuya da hannu. Yadin ya zama auduga. Na roba yana riƙe zafi da danshi, kuma fitsari da gumi idan suka kwana a fatar tsoho, gyambo ne ke biyo baya, musamman a zafin bazara.

Akwai ɗaya daga cikin kayan Turawan da ban yarda a fara da shi ba, wato riga da wando a haɗe, zif a gadon baya inda hannun mai shi ba ya kaiwa, don kada ya tuɓe ko ya cire pampas. Na san akwai matakin da ciwon ke kaiwa dole a nemi irinsa. Sai dai tsohon da ke fizge kaya sau da yawa magana yake yi: ya jiƙe, ko zafi ya dame shi, ko ƙaiƙayi, ko bayi yake nema. Ka kulle shi a ciki ba ka duba ba, ka toshe bakin da ya rage masa.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne kayan su yi kama da nasa. Mai gigi yakan manta sunan jikansa amma ya gane hularsa. Ka kawo masa baƙon abu, kokawa za a yi. Ka miƙo farar shaddar da ya saba, ka ce "Baba, ga rigarka, an kusa kiran Azahar", sai ka ga ya miƙo hannu da kansa. Kada a ce masa "ka sake ɓatawa" a gaban jikoki. A ce "Baba, ruwa ya zuba, mu sauya."

Idan za ku je wurin tela, ku tafi da tsohuwar rigar ya ɗauki awo a kanta, a ƙara faɗi a ƙugu da hamata, a bar aljihu inda yake saboda carbi da goro. Ku ɗinka uku ko huɗu iri ɗaya, launi ɗaya, domin da yawansu riga guda suke nacewa a kai, sai ana wanke wannan yana sanye da 'yar'uwarta.