Mai butiki bai ci mutuncin ikilisiya ba, kayensa kawai ya kawo

Tun ranar Lahadi da wani mai butiki ya zo bakin majami'a neman ɗan ikilisiyar da yake bi bashi, gurup ɗinmu na WhatsApp bai huta ba. Wai mai butiki ya ci mutuncin ikilisiya. Wai da gangan ya zaɓi ranar sujada. Har an sami masu kiran abin tsanani, suna jawo Matiyu 5:10. To sannunku da shan tsanani. Ayar nan cewa ta yi saboda adalci, ba ta ce saboda shinkafa da mai da sabulun wata bakwai ba. Mutum ya tsaya a bakin ƙofa, cikin rana, da kayen da yake rubuta bashi a hammata, bai ɗaga murya ba, bai shiga ciki ba, yana jiran a tashi ya ga wanda ya daina ɗaukar wayarsa tun kafin damina. In akwai wanda ya zubar mana da mutunci ranar nan, yana ciki, a kan benci, yana tafi da hannu biyu.

Ku buɗe Maimaitawar Shari'a 24:10-11. An umarci mai bin bashi kada ya kutsa cikin gida ya ɗauki jingina, ya tsaya a waje a fito masa da ita. Malamin nan wataƙila bai taɓa jin ayar ba, amma ya bi ta sak. Namu kuwa, wanda ya haddace ayoyi, Zabura 37:21 ta wuce shi: mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Ba ni na zaɓi kalmar ba, haka take a rubuce.

Ƴan'uwa, biyan bashi ibada ce. Ba ƙaramar ibada ba ce da ake yi in an sami sarari bayan an gama manya. A Damagaram ma ta fi ƙarfin haka. Mu nawa ne a garin nan? Tun 1924 mishan ta SIM ta sauka a Zinder, shekara ɗari ke nan da ɗoriya, kuma har gobe maƙwabcinka na Zango ko Garin Malam ba zai zo ya zauna ya ji wa'azi ba. Abin da ya sani game da masu bin Almasihu, a shafin da ya rubuta sunanka yake ganinsa. In wani can ya ci bashi ya ɓace, sunansa ake kira. In kai ne, "Kiristan nan" ake cewa, kuma gobe gwauruwar da ba ta ci ba ta sha ba ta je neman tiya ɗaya ta gero a ce mata babu bashi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Duk wanda yake garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u, ya san bambancin tsanani da bin bashi, kuma ya san darajar maƙwabcin da ya yarda da kai. Kada mu arar da kalmar tsanani ga wanda ya ƙi biyan kuɗin taliya.

Na san abin da za a ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce cin bashi zunubi ne. Ɓuya ita ce matsalar. Zamani ya yi wuya? Ya yi. Mai butikin ma a zamanin yake, shi ma babban ɗan kasuwa na bin sa kuɗin kaya a Kasuwar Dole. Ai an ce mu gafarta wa masu bashinmu? An ce, amma gafarar a hannun mai kuɗin take. Wanda ake bi ba ya yafe wa kansa da bakin wani. Sai masu cewa ai mutumin ba ya fashin zakka da baiko. Nan ma aka fi ban haushi. Matiyu 5:23-24 ya ce in kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ka shirya da shi tukuna. Jikar da ka jefa a kwanon baiko alhali garuwa na bin ka kuɗin ruwan sati biyu, kuɗin garuwa ka jefa. Allah bai aike ka ka yi kyauta da gumin wani ba.

Yanzu bari in bar masu gardama, in yi magana da wanda abin ya dame shi da gaske, wanda ba ya barci, wanda ya canza hanyar zuwa aiki don kada ya bi ta gaban tebur ɗin wani. Ɗan'uwa, kai ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama ka. Kuma akwai mafita, sai dai ba ta da daɗi a satin farko.

Ka sami takarda da bik, ka zauna da matarka, ba kai kaɗai ba, ku rubuta kowa da kowa: suna, nawa ne, tun yaushe. Har da dala ashirin ɗin mai ƙosai. Yawancin mutane ba su san jimlar bashinsu ba, tsoron lissafin ya fi bashin nauyi a kansu. Da an rubuta, ko da yawa ne, ya zama abu mai iyaka. Kuma kada a ɓoye wa juna. Gidaje da yawa miji na da shafi a butiki, mata na da nata shafin a butikin, kowa na zaton ɗayan bai sani ba, mai butiki ne kaɗai ya san jimla.

Wajen biya, kada ka fara da wanda ya fi ihu. Ka fara da wanda abincinsa na yau yake hannunka: garuwa, mai wanki, ɗan kabu-kabu, leburan da ya yi maka yaɓe. Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a wurinka, Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. Bayan su sai masu ƙaramin jari, irin mai tuya da mai tebur, waɗanda jika biyu ke iya rufe musu sana'a. Sannan adashi. Mai babban butiki da ɗan'uwa mai hali su ne ƙarshe, amma a je musu da magana tun farko. Abu ɗaya ne ke tsallake layi: bashin da ke haihuwa. In ka karɓi hatsi a damina da sharaɗin mayar da fiye da shi a kaka, ko kuɗi mai ruwa, ka kashe wannan da wuri, don kana barci yana girma.

Sannan ka tafi da ƙafarka. Kada ka aiki yaro, kada ka tura saƙon murya. Ka zaɓi lokacin da babu cunkoso, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Alhaji, na yi laifi da na ɓoye maka. Ga abin da na sani kana bi na, mu duba ko ya yi daidai da naka." Kada ka je hannu rabbana, ko dala ɗari ce ka riƙa. Kuma ga inda kusan kowa ke faɗuwa: kunya ta sa ka ce "ƙarshen wata zan kawo duka." Ba za ka kawo ba, ka sani, shi ma ya sani, kuma ka ƙara ƙarya a kan bashi. Ka yi alkawarin abin da ya gaza ƙarfinka kaɗan. A ce jika 45 ake bin ka. Dala ɗari kullum, kwana 90 ka gama. Jika 3 kowace Alhamis, sati 15 ne. Mai sana'ar da kuɗi ke shigo masa kullum ya ɗauki na kullum, mai albashi ya biya ranar da albashi ya faɗo, kafin ya shiga gida, don kuɗin da ya kwana a ɗaki ya sami masu shi. Duk biya a rubuta a kayensa a gabanka, kai ma ka rubuta a naka. In ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana ka tura, ka adana takardar. Ranar da ba za ka iya ba, kai za ka fara kira, tun kafin ranar, ba bayanta ba.

Abu biyu kuma kada ka kuskura. Kada ka ci sabon bashi don rufe tsoho, rami ka gina don cike rami. Na biyun ya fi ciwo: kada ka ɗauki tsabar kuɗinka ka kai wani butiki don kana jin kunyar wanda ke bin ka. Ba abin da ke ƙona ran mai sayarwa kamar ya ga yaronka ya wuce da leda cike daga wurin maƙwabcinsa. Wannan shi ke fito da mutum daga shagonsa ya zo bakin majami'a ranar Lahadi. Cefanen yau ka yi shi a wurinsa da kuɗi hannu, tsohon bashi yana raguwa a gefe.

Masu jiran mu'ujiza, ina tare da ku, Allah yana yi. Amma ku karanta 2 Sarakuna 4:1-7 har ƙarshe. Matar annabin nan da mijinta ya mutu, mai bashi zai kwashe ƴaƴanta biyu, mai ya ƙaru har tandaye suka ƙare. Me Elisha ya ce mata? Ta je ta sayar da man ta biya bashinta, ita da ƴaƴanta su ci sauran. Biya ne farko, ci ya biyo baya. Mu kuwa in buɗi ya zo, sabuwar waya ce farko, sai shaida a gaban jama'a, mai bashi kuma ya ji labari a bakin mutane. Zakka mai karɓar haraji ma, a Luka 19:8, tubansa da lissafi ya zo, ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

Maganar adashin zumuntar mata ita ma a faɗe ta, tunda a nan zumunci ya fi mutuwa. Mata 10, jika 2 kowane sati, kwasa jika 20. Wadda ta fara kwasa ba kyauta ta samu ba, bashin mata 9 ne a kanta har sati 9. Uwar adashi, Mama, don Allah kada a ba sabuwar shiga kwasar farko don ta yi kuka. A sa ta a tsakiya ko ƙarshe har a ga zubinta. Kuma kada wata ta shiga adashi uku da kuɗin shiga ɗaya, tana kwashe wannan tana zuba wancan. Ranar da ɗaya ya tsaya, ukun ne za su rushe, kuma mutum talatin za su daina gaisawa.

Galibin bashin nan ma ba ba-zata ba ne. Kowa ya san Agusta da Satumba zazzaɓin sauro ne da takardar magani. Oktoba komawa lakwal. Disamba Kirsimeti da anko. Afrilu da Mayu zafi, famfo ya yi shiru, kuɗin bido ya hau. Gero ya fi araha a kaka, ya fi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina. Duk shekara haka take zagayowa, duk shekara muna yi kamar yau muka gani. Wanda ya iya ajiye ko rabin buhu a kaka ya rage shafinsa na Yuli. Ankon Kirsimeti kuwa, in sai da bashi, a sa na bara. Ba a taɓa korar kowa daga sujada don zanensa tsoho ne ba.

Baba fasto da dattawa, da girmamawa, ku ma akwai naku. Wanda ya kasa da gaske, ciwo ya cinye shi ko aiki ya tsaya, bai kamata ya ɗauki kayan nan shi kaɗai ba. Dattijo ɗaya ya raka shi wurin mai kuɗi, zuwan mutum biyu yana kwantar da rai. In za a taimaka daga asusun ikilisiya, a biya kai tsaye a hannun mai bashin, a karɓi shaida, a rufe bakin. Ba sanarwa daga bagade. Amma a yi hattara da tsaya wa mutum lamuni da baki, Karin Magana 22:26-27 ta yi kashedi har gadon kwananka ana iya janyewa. Wanda kuma yake da shi ya ƙi biya, Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya: a same shi shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Gurup ɗin WhatsApp ba ya cikin jerin.

Af, wani abu da ya tsaya mini a rai ma ba bashin ba ne. Mutumin nan ya fi awa a tsaye a bakin ƙofa, mutane na shiga suna fita, ba wanda ya miƙa masa ko moɗa ɗaya ta ruwa. Ina randar da take ƙarƙashin bishiyar can? Tun da ta fashe aka ce za a sayo wata, aka kafa kwamiti, shiru.   Kuma wanda ya ari kujerun roba shida don sunan ɗansa tun watan jiya, an san shi, ya dawo da su kafin Lahadi.