Mai zuwa aiki Saudiyya, duba abin da aka rubuta da sunanka

'Yan uwa masu shirin tahowa Saudiyya neman abinci, da waɗanda suka sauka Jidda ko Riyad kwanan nan, ku ba ni aron kunnuwanku. A ƙasar nan alƙawarin baki ba ya kare ma'aikaci. Duk romon bakan da ejan ya yi maka a Kano ko Damagaram, ranar da rigima ta tashi takarda za a buɗe.

A fara da biza. Bizar Umra da ta ziyara ba sa halatta aiki, ko na wuni ɗaya. Wanda ya ce maka "shigo da Umra, in ka iso ma gyara", hanyar gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, ya ɗora ka. Haka abin da ake kira biza hurra, wato ka riƙa biyan kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarka, yana barin ka kana buga-bugarka a gari. Doka ba ta san da ita ba. Ta hana ka yi wa kowa aiki in ba wanda igamarka, wato katin izinin zamanka, ke ƙarƙashinsa ba, kuma kafilin nan, da ya ga kuɗi sun tsaya, yana iya kai rahoton ka gudu. Wannan shi ne hurub, kuma fita daga cikinsa akwai wuya.

In ka shigo ta hanya, dole mai aiki ya fitar maka da igama cikin kwana 90. Kuɗinta, da na sabunta ta, da inshorar lafiya, duk a wuyansa suke, ba daga albashinka za a cira ba. Fasfonka kuma naka ne, ba shi da hurumin riƙe shi. Duba sana'ar da aka rubuta a igamar, domin in an sa leburanci kana tuƙi, laifi ne a kanku ku biyu.

Inda na fi so a tsaya shi ne kwantiragi. Ma'aikatan kamfani ana turo musu shi ta manhajar Qiwa, su danna amincewa. Don girman Allah kada ka danna sai wani mai jin Larabci, wanda ba yaron ejan ba, ya karanta maka shi layi-layi, saboda in Larabci ya saɓa da fassara, Larabcin ake bi. Nawa ne albashin asali, nawa ne kuɗin gida, nawa ne na mota? In an ce maka riyal 2,000 tun kafin ka taho amma ka amince da 1,200 a Qiwa, 1,200 ɗin kotu ta sani. Aiki awa 8 ne a rana, 48 a mako, a Ramadan Musulmi awa 6. Duk awar da ta ɗoru a kai, ladanta ne haɗe da rabin ladan awa na asali. Hutun shekara kwana 21, ya koma 30 bayan shekara 5. Lokacin gwaji ba ya wuce kwana 180. Sallamar ƙarshen aiki rabin albashin wata ce ga kowace shekara a biyar ɗin farko, sannan wata cikakke. Sai dai wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara 2 ba ya samun ko sisi na sallama, kuma da yawa sai sun ajiye suke sanin haka.

'Yan uwana mata masu aikin gida, da direbobin gida, naku tsarin daban ne, ta manhajar Musaned yake bi. Sassaucin da aka yi a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba, bai haɗa da ku ba. Kada a ruɗe ku da shi. Kuna da hutun wuni guda a mako, da wata guda bayan shekara 2.

A wurin aiki kuwa, lokaci ba wasa ba ne, yawancin kamfanoni da ɗan yatsa ake danna shiga da fita. Fashin fiye da kwana 15 a jere ba dalili, ko fiye da 30 a rarrabe cikin shekara, yana ba mai aiki damar korarka ba sallama bayan ya yi maka gargaɗi a rubuce. Wannan ya fi cin masu zuwa gida ta'aziyya ko biki su zarce, don haka ka riƙa duba ranar ƙarewar bizar fita da dawowa a manhajar gwamnati ta Absher. Ka kuma bar ɗaukar mutane bidiyo kana ɗorawa a TikTok, ana hukunci a kai.

In an riƙe maka albashi, kada zuciya ta sa ka tattara kaya ka gudu, haƙƙinka kake zubarwa. Kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911, ka shigar da ƙorafi. Ana fara neman sulhu na kwana 21, in ya gagara a miƙa wa kotun ma'aikata. Ka adana shaidar banki ta kowane wata, kuma kada ka sa hannu a takardar mukhalasa, mai cewa an biya ka komai, sai kuɗin sun shiga asusunka.