Kyauta ne, amma an yarda in gyara?

'Yan uwa malamai, kullum ana turo mana littattafai a WhatsApp, wai kyauta ne, a yaɗa. Madalla. Amma ni abin da nake fara dubawa shi ne ko mai littafin ya yarda in taɓa shi.

Nan gizo ke saƙar. Lasisin Creative Commons, wato izinin da mai littafi ke sawa a jikinsa don nuna abin da ya yarda a yi da shi, iri-iri ne. Mai alamar CC BY, ka fassara, ka rage, ka ƙara, ka buga, muddin ka ambaci mai shi. Mai ɗauke da ND kuwa sai dai ka raba shi yadda ya zo, ba ka da ikon fitar da fassararsa. To malamin 'yan aji biyu a Gumel ko Tasawa, me zai yi da littafin da ba zai iya mayarwa Hausa ba? Ko UNESCO, a shawarar da ta amince da ita a 2019, ta sa damar gyarawa da sake rabawa cikin sharuɗɗan kayan karatun da ake sakar wa kowa kyauta. Dandalin African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu a kan haka ya ginu, akwai ma labaran yara na Hausa a ciki.

Izinin ma ba ya wadatarwa idan hoton shafukan kawai aka ɗauka, ko harafi ɗaya ba ka iya sauyawa. Sannan a tuna, yawancinmu a shagon fotokwafi za mu buga. Taswirar da aka bambance da ja da kore, in ta fito daga injin, duk toka-toka ce. Na ga takardar koyon karatu da kowace ƙ da ɗ suka koma akwati, yaro ya sa yatsa a kai yana kallon malami. Nauyin fayil kuma, mai sayen data ta ɗari biyu ya san zafinsa.

Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka masana sun tantance su, ba na musu. Sai dai lissafinsu da dala ne, kuma ba don manhajarmu ko jarrabawar WAEC aka tsara su ba. Abin da ya cece su, lasisinsu ya bar ka ka cire dala ka sa naira.

Wanda kuwa ba sunan marubuci, ba shekara, ba lasisi a jikinsa, ba na shiga aji da shi, ko wa ya turo.